Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Ɗora Shafi a Saman Google?

Wasiƙun da suka shigo wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, kai ka ce masu su sun haɗa baki. Kowa ya buɗe shafi a intanet, kowa kuma yana neman dalilin da ya sa Google ba ya nuna shi. Na tsamo biyar daga ciki. Ta farko na ba ta fili sosai, domin amsarta ta ɗauke wa sauran rabin aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da turaren wuta da humra a Babbar Kasuwar Katsina. Bara na biya wani yaro naira 150,000 ya buɗe mini shafin intanet, da hotuna da lambar waya da komai. Shafin yana nan, idan na rubuta adireshinsa yana buɗewa. Amma idan na rubuta "turaren wuta a Katsina" a Google, ko ƙyallinsa ba na gani. Yanzu wani ya turo mini saƙo ta WhatsApp, wai in ba shi naira 60,000 zai ɗora ni a lamba ɗaya cikin mako biyu, domin yana da mutum a cikin Google. In ba shi?
Daga mai turare, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba shi ko sisi. Babu wani mutum a cikin Google da ke zaune da maɓallin ɗaga shagon turare a Katsina. Kamfanin da kansa ya rubuta a fili cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma a yi hattara da duk wanda ya yi wannan alkawari.

Bari in nuna maka yadda irin waɗannan suke cin kuɗin mutane ba tare da an kama su da ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Idan ka yi bincike, abin da ke fitowa iri biyu ne. Na can sama wani lokaci talla ne, kuma za ka ga alamar hakan a rubuce a kansa. Wannan kam da kuɗi ake samunsa. Google ya fara sayar da shi tun shekarar 2000, gwanjo ake yi a kan kalmomi, kana biya duk lokacin da wani ya latsa, ranar da kuɗinka ya ƙare kuma ranar za ka ɓace. Mutumin naka zai iya cirar naira 10,000 daga kuɗinka ya sayi tallan 'yan kwanaki, ya ɗauki hoton allon wayarsa ya turo maka, ya soke sauran a aljihu. Ko kuma ya ce ka rubuta cikakken sunan shagonka harafi da harafi, ka ga ka fito a sama, ka yi ta murna. To da wa kake takara a kan sunanka? Mai neman turare da bai san ka ba ai ba sunanka zai rubuta ba.

Abin da ke ƙasan talla ba a sayar da shi, kuma shi kake nema. Kafin shafi ya kai can, dole Google ya fara sanin akwai shi. Yana da wata manhaja mai suna Googlebot, aikinta dare da rana bin mahaɗai, wato link ɗin da ake latsawa a tsallaka daga wannan shafi zuwa wancan, tana karanta abin da ta tarar. Shafin da babu wani da ya nuna hanyarsa yakan daɗe ba ta leƙa shi ba. Bayan an karanta, sai a shigar da shi cikin rumbun ajiyar kamfanin, kuma ba duk abin da aka karanta ake ajiyewa ba. Lokacin da ka rubuta tambaya, ba intanet ɗin ake fita nema ba, rumbun nan ake dubawa a jero maka abin da aka ga ya fi dacewa.

Mutane da yawa suna kukan jeri alhali ko rumbun ba su shiga ba. Don haka yau ɗin nan ka buɗe Google, ka rubuta site: ka manna adireshin shafinka a jikinsa ba tare da tazara ba. Idan shafukanka suka jero, kana ciki, matsalarka ta matsayi ce. Idan babu abin da ya fito, ko dai ba a san da kai ba, ko an hana Googlebot shigar da kai. Na biyun nan na sha tarar da shi a shafukan da ake kawo mini shago in duba. Yawancin yaranmu da manhajar gina shafi ta WordPress suke gini, kuma a cikin saitunansa, sashen karatu, akwai wani ɗan akwati da idan aka sa masa alama yake roƙon injinan bincike kada su shigar da shafin. Mai gini yakan sa alamar yana cikin aiki don kada a ga gini rabi da rabi. Ya gama, ya karɓi cikon kuɗinsa, ya manta bai cire ba. Cirewar ba ta kai minti ɗaya ba, amma barinta yakan binne shafi shekara guda.

Kira yaron ka zaunar da shi. Ya duba akwatin nan a gabanka, sannan ya yi wa shafin rajista a Search Console da adireshin imel ɗinka, ba nasa ba. Kayan aikin Google ne, kyauta ne, kuma shi zai riƙa gaya maka shafuka nawa aka shigar, waɗanne kalmomi mutane suka rubuta har suka gan ka, da matsayin da ka fito. A nan ne kuma zai miƙa taswirar shafin, wato jerin duk adireshin da kake son a karanta. Tunda kun zauna, tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar adireshin kansa. Haya ce ta shekara-shekara, ko .com ne ko .com.ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Na san shagunan da shafinsu ya mutu murus saboda yaron ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirri a kansa, wa'adi ya cika babu wanda ya sabunta.

To mu ce kana cikin rumbu. Me ke sa a fifita wani a kan wani? A 1998 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa Google. Akwai injinan bincike kafin su, irin su AltaVista, amma waɗancan sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, abin da mai shafi zai iya cusawa son ransa. Dabarar da yaran nan suka zo da ita, wadda suka sa wa suna PageRank, ita ce a duba wa ke nuna wa. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka ya yi maka shaida ne, shaidu kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ka san yadda ake binciken aure a garin nan. Ba abin da manemi ya faɗa game da kansa ake kamawa ba, unguwarsu ake aikawa. Can ɗin ma, kalma ɗaya daga bakin limamin unguwa ta fi rantsuwar abokan majalisarsa goma. Haka mahaɗi ɗaya daga jarida irin Aminiya ko daga shafin jami'a ya fi ɗari daga shafukan da babu wanda ya san su. Yau abubuwan da ake aunawa sun ƙaru ƙwarai, amma wannan shaidar tana nan cikin lissafi.

Sai dai kafin ka fita neman shaidu, a kan me za su yi shaidar? Ba ka turo mini adireshin ba, amma bari in canka abin da ke ciki: hotunan kwalabe, da "barka da zuwa" da Turanci, da lambar waya. Sunayen turarukan da farashinsu kuma an rubuta su ne a jikin hoto, irin takardar tallan da ake turawa a WhatsApp. Idon mutum yana karanta wannan sarai, amma Google da rubutu na ainihi ya fi aiki. Shafin da babu "turaren wuta" babu "Katsina" a rubuce cikinsa, ta ina zai fito wa mai neman su?

Kai ka fi yaron sanin turare nesa ba kusa ba, don haka kai za ka riƙa faɗa, shi yana bugawa. Kowane kaya da shafinsa: hawi da nasa, sandal da nasa, gabgab, kajiji, baƙar humra da fara. A kowanne a amsa abin da mai saye ke tambayarka a bakin shago. Wanne ya fi kama ɗaki, wanne ya fi kama tufafi? Ƙamshin yana daɗewa? Nawa ƙaramar kwalba, nawa haɗin amarya? Ta wace tasha kake aikawa Funtuwa ko Malumfashi ko Daura, kuma wa ke biyan kuɗin mota? Waɗannan tambayoyin da kake ganin ba komai ba ne, su ne ainihin abin da mata ke rubutawa a waya da dare suna lissafin kayan ɗaki. Kan kowane shafi, wato layin nan da ake latsawa a sakamakon bincike, ya faɗi kaya da gari a taƙaice, kamar haruffa 60, don kada a datse shi. Misali: "Turaren wuta na hawi a Katsina: farashi da aikawa".

Shaidu kuwa, fara da na kusa. Masu haɗa lefe da masu kwalliyar amare da kuke hulɗa, idan suna da shafi, su ambace ka da mahaɗi, tunda da ma kai suke turo wa mutane. Mahaɗin Facebook ba ya da nauyi sosai a lissafin jeri, amma yana kawo masu saye, wanda shi ne dalilin buɗe shagon tun farko. Kuma ka cire mako biyu daga ranka. Mutanen Google sun taɓa faɗin cewa ko ƙwararre aka ɗauka, yawanci sai wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin aikinsa. Naira 60,000 ɗin nan ka ƙaro kwalabe da ita.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ina da shafin labaran ƙwallo da Hausa. Wani abokina ya ce sirrin SEO, wato dabarar ɗaga shafi a binciken Google, shi ne a yi ta maimaita kalma ɗaya sau talatin, a ɓoye wasu da farin rubutu a kan farin bango, sannan akwai masu sayar da mahaɗai 1,000 a dala 10. Mi ka gani?
Daga ɗalibi, Katsina.

AMSA: Ƙanena, abokinka ya makara da kusan shekara 20. A watan Fabrairun 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga rumbunsa ɗungurungum, saboda an kama shi yana nuna wa injin bincike shafuka maƙare da kalmomi, mutane kuma ana karkatar da su wani shafin dabam. Sai da suka gyara aka maido su. Wanda bai ji nauyin BMW ba, ba zai ji nauyin shafin ƙwallo daga Katsina ba.

Kowace dabara da ya lissafa maka an riga an toshe ta. A 2009 Google ya bayyana cewa ba ya kallon ɓoyayyen gurbin nan da ake jera kalmomi a bayan shafi. A 2011 ya kawo gyaran da ake kira Panda, wanda ya dankwafar da shafukan da ke tara rubutu maras ƙwari. A 2012 Penguin ya biyo baya a kan mahaɗan saye da na musaya. Daga 2019 kuma, da tsarin BERT, ya ƙara ƙwarewa wajen fahimtar jimla gaba ɗaya maimakon ƙirga kalma. Idan ka sayi mahaɗan nan, mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne a yi watsi da su, dalarka ta tafi a banza. Mafi muni a hukunta shafin, ka tarar da sanarwar a Search Console.

Matsalarka ta gaskiya ina jin ba wannan ba ce. Idan labarin Arsenal da Real Madrid kake fassarawa, da BBC Hausa kake kokawa, kuma ba za ka kayar da su ba. Amma wa ke rubuta cikakken rahoton wasan Katsina United a filin Muhammadu Dikko, da sunan wanda ya ci, da minti nawa, da abin da mai horarwa ya ce bayan an tashi? Wa ke kawo sakamakon gasar unguwanni? Kai kana iya hawa Keke Napep ka je ka gani da idonka. Wanda ke Abuja ba zai iya ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce a Daura, ina koyar da Hausa. Na daɗe ina rubuta tarihi da al'adun garinmu a shafina: rijiyar Kusugu, Sallar Gani, Hawan Magajiya, sarautun fada. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wasu shafuka suna kwashe rubutuna kalma da kalma, ko sunana ba sa sawa, kuma su ke fitowa a samana. Sannan ni ina rubutu bisa ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ, su kuwa ba ruwansu. Ko wannan ne ke ja na baya?
Daga wata malama, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri, domin aikin da kike yi ba kowa ke da haƙurinsa ba.

Google ba ya wurin lokacin da kika zauna kina rubutu. Abin da ya sani shi ne inda ya fara tarar da rubutun, da kuma nauyin shafin da ya tarar da shi. Babban shafi mai zuba labarai kullum, Googlebot yana yawan komawa kansa. Ƙaramin shafi mai rubutu ɗaya a wata, sai jifa-jifa. Idan ya ga rubutu iri ɗaya a wuri biyu yakan zaɓi ɗaya ya nuna, kuma wani lokaci ɓarawon yake zaɓa. Zalunci ne, amma akwai abin yi.

Da zarar kin wallafa, kafin ki tura wa kowa, shiga Search Console, ki saka adireshin sabon rubutun a gurbin dubawa da ke sama, ki nemi a shigar da shi. Sai kin ga ya shiga sannan ki watsa a zaurukan WhatsApp da Facebook, domin a can masu kwashewar suke tsinta. Kuma ki daina manna rubutun gaba ɗaya a Facebook. Sakin layi ɗaya da mahaɗi ya isa. Kowane rubutu ya ɗauki sunanki da kwanan wata, kuma a cikin jikinsa ki riƙa sa mahaɗai zuwa sauran rubuce-rubucenki: kina maganar Bayajida, ki haɗa da na Kusugu, kina maganar Kusugu, ki haɗa da na Daurama. Wannan yana taimakon mai karatu, yana taimakon Googlebot, sannan mai kwafi idan rago ne yakan kwashe har da mahaɗan, ya yi miki shaida bai sani ba.

Waɗanda suka riga suka kwasa, fara da sallama. Rubuta musu cewa su sa sunanki da mahaɗi zuwa asalin rubutun, su rage abin da suka ɗauka, ko su sauke. Wasu ba mugunta ba ce, sun ɗauka duk abin da ke intanet na Allah da Annabi ne. Wanda ya yi kunnen uwar shegu, Google yana da fom na ƙorafin satar fasaha, ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA. Za ki ba da adireshin naki da na wanda ya kwafa, idan an gamsu a cire nasa daga sakamakon bincike. A gida ma muna da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ɗan garinku, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023.

Batun haruffa masu lanƙwasa, kada ki bar ƙa'ida saboda kowa. Gaskiya ne yawancin masu bincike ba sa sa su, saboda allon rubutun wayarsu na Turanci ne, duk da cewa Gboard, allon rubutun waya na Google, yana da na Hausa. Amma ba sai kin yi hasashe ba. Ki rubuta kalma ɗaya a Google da lanƙwasa, ki sake rubuta ta babu, ki kwatanta abin da ya fito. Sannan Search Console zai nuna miki ainihin yadda mutane suka rubuta kafin su iso gare ki. Inda na yarda a sauke lanƙwasa shi ne a cikin adireshin shafi, domin idan aka kwafe shi za a tura wa wani, haruffan sukan rikiɗe su zama tarin lambobi da alamomi, adireshin ya yi tsawo ya yi muni. Sunan da ake rubutawa iri biyu kuwa, kamar Bayajida da Bayajidda, ki ambaci ɗayan sau ɗaya a cikin rubutun, ya wadatar. Kuma kowane shafi ya tsaya a harshe ɗaya. Idan za ki yi na Turanci, ki ba shi shafinsa dabam.

Akwai abin da ke gefenki da ba na son ki raina. Google yana ɗaukar dubban mutane haya su riƙa auna ingancin sakamakon bincike. Ba su ke jera shafuka ba, amma littafin ƙa'idar da aka ba su yana nuna inda kamfanin ya dosa, kuma a Disamban 2022 an ƙara masa sharaɗin ko marubuci ya san abin da kansa, ya gani, ya taɓa. Tun da Google Translate ya shigar da Hausa a ƙarshen 2013 muke fama da shafukan da ke zuba fassarar inji, Hausar da ko mai ita bai karanta ba. A Maris ɗin 2024 an fito da ƙa'ida a kan masu ƙera shafuka barkatai don jan bincike kawai. Har yanzu ina ganin irinsu suna fitowa a binciken Hausa, kuma a nawa ganin babban dalili shi ne ƙarancin abin da za a sa a madadinsu. Ke kina Daura. Hoton da kika ɗauka da wayarki ranar hawa, hirar da kika yi da dattijon da ya san jerin sarautu, yadda baƙo zai kai Kusugu daga tasha da abin da zai tarar idan ya je, waɗannan sai an jira kin rubuta kafin a sata. Malamai da ɗaliban Hausa a jami'o'i da masu gyara Wikipedia ta Hausa suna neman madogara irin wannan. Ki sanar da su shafinki.

TAMBAYA: Injiniya, ni gyaran waya nake yi a wajen Ƙofar Ƙaura. Ba ni da kuɗin buɗe shafi. Akwai hanyar da wanda wayarsa ta lalace zai same ni a Google?
Daga mai gyaran waya, Katsina.

AMSA: Akwai, abokina, kuma kai ba ka ma buƙatar shafi yanzu. Idan mutum ya nemi gyaran waya ko tela ko gidan abinci a kusa da shi, taswira ce ke fitowa tun kafin a kai ga shafuka, da shaguna 'yan kaɗan a ƙarƙashinta. Shiga wannan jerin kyauta ne, ta Google Business Profile. Za ka sa sunan shago, irin sana'a, lambar waya da lokutan aiki, su kuma su tabbatar shagon na gaske ne, sau da yawa ta hanyar ɗan bidiyon da za ka ɗauka na allon shago da titi da kayan aikinka.

Google ya faɗi abin da yake dubawa a nan: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai nema, da yadda aka san ka. Kusanci ba ka da iko a kansa, wanda ke Ƙofar Marusa za a fara nuna masa na kusa da shi. Amma ka tabbata alamar da ke kan taswira a bakin ƙofar shagonka take daidai. Adireshinmu na "bayan gidan mai, kusa da masallaci" ba ya kai baƙo ko'ina, alamar ce ke kai shi. Ka tsaya a shagon ka daidaita ta da hannunka. Ka rubuta lokacin da kake rufewa ranar Juma'a, ka kuma gyara lokuta da azumi da Sallah, don wanda ya zo ya tarar da kwaɗo ba ya dawowa.

Sanin da aka yi maka kuwa, ra'ayoyin abokan ciniki suna cikin abin da ke gina shi. Duk wanda ka canza wa gilashi ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta layi biyu, da Hausa ma ya yi. Kada ka saya, kada ka tara ƙannenka su rubuta goma rana ɗaya, ana share irin waɗannan, wani lokaci har shagon ya shafa. Wanda ya rubuta ƙorafi kuma ka amsa masa da ladabi a wurin, domin masu zuwa baya sun fi karanta amsarka a kan ƙorafin nasa.

TAMBAYA: Malam, muna da makaranta mai zaman kanta. Shafinmu yana da kyau ƙwarai a kwamfutar ofis, amma iyaye suna cewa ba ya buɗewa a waya, yana cinye musu data. Wannan yana shafar matsayinmu?
Daga shugabar makaranta, Katsina.

AMSA: Yana shafa, Hajiya. Tun Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a binciken waya, kuma zuwa 2023 ya kammala komawa ga duba siffar waya ta kowane shafi a matsayin ta asali. Abin da kike gani a kwamfutar ofis ba shi ake aunawa ba. Ma'aunin da suka sa shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Ina kyautata zaton hotuna ne. Hoto ɗaya kai tsaye daga waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Idan an jera goma na bikin yaye ɗalibai a shafin farko suna zagayawa, uba zai ƙona megabait 40 kafin ya ga kuɗin makaranta. A rage kowanne zuwa kilobait 150 ko 200, ido ba zai ga bambanci a waya ba. A cire bidiyon da ke tashi da kansa. A saka adireshin a PageSpeed Insights, kyauta ne, zai lissafo abin da ke jan shafin. A duba kuma ko adireshin yana farawa da https. Google ya sa wannan cikin ma'auninsa tun 2014, daga 2018 kuma Chrome yake rubuta gargaɗin rashin tsaro a kan shafin da ba shi da shi. Takardar shaidar tsaron da ke ba shafi https ɗin ana samunta kyauta daga Let's Encrypt, kada a caje ku kuɗi mai yawa a kanta.

Sauri shi kaɗai ba ya ɗaga shafin da babu komai a ciki. Ki tabbata kuɗin zango, ranar komawa hutu, sharuɗɗan ɗaukar sababbin ɗalibai da unguwar da kuke suna nan a rubuce, ba a cikin hoton takarda ba. Idan an gama gyara, kada a gwada da intanet ɗin ofis. A karɓi ƙaramar wayar mai gadi, a fita bakin ƙofa a buɗe da datarsa.

Masu tambaya a kan YouTube da TikTok, wasiƙunku sun iso, su ne na wata mai zuwa in Allah ya kai mu.